Kunnen Baba Kefas da Mashin ɗin Lukuman

Ƙarfe shida da rabi yake isowa. Sai ya jingine kekensa a jikin dogonyaron da ke bakin hanyar Rikoto, ya buɗe akwatin ƙarfe, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu daga ƙarama zuwa babba. Keke dai. Mutumin da ya shekara talatin yana gyaran mashin bai taɓa mallakar nasa ba. In ya gama jeri sai ya zauna a kan wani mataccen inji da ya mayar kujera, ya rufe ido. Baƙo zai ɗauka addu'a yake yi. Addu'a ya yi ta tun a gida. Sauraro yake yi.

"Talle ne," zai ce, tun mashin bai sha kwana ba. "Ya sa giya a kan lokaci. Na bayansa Lukuman ne, shina kashe injin nan da ransa."

Sai ga su sun ɓullo, Talle a gaba, Lukuman a baya.

Wannan shi ne Baba Kefas makanike. A ƙarshen watan nan na Disamba, shekarar 2007, zai naɗe buhunsa ya koma gida. Ba za a kafa rumfa ba, ba za a yi jawabi ba. Shi ya sa ya kamata a rubuta.

A soja ya koyi gyara, kamar yadda da yawa cikin iyayenmu na ƙasar Zuru suka koyi abin da suka iya. Ya dawo da akwatin ƙarfen nan da wani tabo a gwiwa, ya zauna a ƙarƙashin dogonyaro. Lokacin mashinan garin ana iya ƙirga su. Yanzu duk saurayin da ya gama sakandare bai samu aiki ba, kabu-kabu yake yi. Mafi yawansu a rana ɗaya suka koyi tuƙi, a filin ƙwallo. Ba wanda ya gaya musu lokacin da ake canza giya. Mashinan ba su da agogon da ke nuna juyin inji, na gudun ma wata ɗaya yake yi ya mutu. Saura kunne. Baba Kefas ne ya zama kunnensu.

Darasinsa gajere ne. Ya ce in giya ta yi wa inji nauyi, gurnani yake yi, yana kakkarwa kamar zai mutu. In ta yi masa sauƙi, kuka yake yi. Tsakanin gurnani da kuka akwai wurin da muryarsa take zama daidai. Da ka ji ta fara siririta, saki totur, kama kuloci, ƙara giya. Kada ka jira kuka. Ya faɗi wannan sau dubu nawa, Allah ne ya sani, kuma bai taɓa ɗaukarsa a matsayin aikin da ake biya ba.

Wasu sababbin mashinan da suka cika gari a shekarun nan sun zo da wani ɗan baƙin akwati a ƙarƙashin kujera. Makanikai suna ce masa si-di-ai. Shi ke aika wa fulogi wuta. In juyin inji ya kai iyakar da ƙarfe zai iya ɗauka, sai akwatin ya riƙa yanke wutar, mashin ya yi ta shessheƙa, komai murɗa totur ba ya ƙarawa. Baba Kefas linzami yake kiransa. Samari sun tsane shi.

"Baba, cire mani abin ga, mashin shina tari."

"Ba tari ba ne. Magana yake maka. Ya ce ka canza giya."

"Ni gudu nika so, ba hira da mashin ba."

"To ka tafi wurin mai cirewa. Ni ban cirewa."

Suka tafi. Akwai masu sa wani akwatin da ba ya yankewa, cikin minti goma. Suka sa wa dattijon suna Baba A-hankali. Yana amsawa.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta fi cire linzami ci masa rai. Tun da man fetur ya yi tsada, 'yan kabu-kabun da ke bin hanyar Danko suka fito da dabara. Akwai wani dogon gangare a hanyar, da 'yar siririyar gada a ƙasansa. In sun kai kan tudun sai su sa firi, wato su cire giya, su kashe inji, su bar mashin ya gangara da kansa. In sun kusa gada, da gudun nan, sai su kunna makulli, su danna giya, taya ta tada inji. Man da suke tsira da shi bai cika ludayi ba. Amma duk wanda ya sauka da inji a kunne, dariya ake masa a tasha.

Baba Kefas ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. Ya ce giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka, inji ya riƙe maka mashin, birki ya huta. Ya ce ko mai linzami bai tsira a nan ba, don linzami wuta yake yankewa, in kuwa taya ce take juya inji, babu abin da zai tare shi. Inji mai lafiya yakan jure. Mai ciwo a ciki, in aka fizge shi haka, yana iya ƙamewa nan take. In ya ƙame, tayar baya ta tsaya cak. A bakin gada.

Ana cewa, "To, Baba." Ana ci gaba.

Abin da babu wanda ya sani shi ne, kunnen nan da gari ya dogara da shi ya fara tafiya. Matarsa, Mama Hannah, ita ta fara lura. Rediyo ya riƙa ƙara ƙarfi a gidan. Ran Lahadi aka kaɗa ƙararrawar coci yana zaune yana goge takalmi, bai motsa ba. Ta ce masa ya je asibiti. Ya je. Aka ce ƙarar bindiga ta dā da ƙarar salansar mashina ta shekara talatin sun gama aikinsu, ba abin da za a dawo da shi.

"Ka gaya musu," in ji ta.

"In gaya musu mi? Makaniken da bai ji?"

Sai ya ɓoye. Da safe yana rufe ido kamar kullum, amma ya bar kiran sunaye. Ya koyi kallon leɓe. Ya koyi dafa tanki da tafin hannu in yana gwada inji, kamar dai jingina yake yi. Shekara guda yana haka, kullum da faɗuwar gaba, kullum yana jiran ranar da za a kama shi.

Ranar ta zo a wata Asabar cikin watan Oktoba.

Lukuman ya iso da hayaniya kamar yadda ya saba. Saurayi ne mai fara'a, mai son gudu, ba mugu ba.

"Baba A-hankali, ina kwana? Ɗaure mani sarƙa, ka ɗan saurara mani shi. Yau Fadima zan kai gida goyon ciki."

Fadima matarsa ce, cikin fari, wata takwas. Za ta haihu a gaban uwarta kamar yadda aka saba, a wani ƙauye da ke bayan gangaren nan na hanyar Danko.

"A mashin? Babu mota?"

"Ruwa ya cinye hanyar ƙauyensu, Baba. Mota ba ta shiga."

Samari huɗu ko biyar suna zaune a kan benci. Ɗaya ya ce, "Ba shi ya saurara, yanzu zai gaya maka har gidan man da ka sha jiya." Aka yi dariya.

Baba Kefas ya ɗaure sarƙa. Ya buga kik, ya dafa tanki, ya murɗa totur har ƙarshe, ya karkata kai yadda aka san shi da yi. Abin da ya shiga kunnensa wani gunji ne daga nesa, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ba komai bayan wannan. Ya ɗaga ido. Duk shi suke kallo, suna jira.

"Lafiya lau," ya ce.

Lukuman ya ba mashin wuta ya tafi.

Dattijon ya koma kan mataccen injinsa ya zauna. Ya ɗauki sifana ya ajiye. Ya sake ɗauka. Tafin hannun da ya dafa tanki da shi bai daina jin rawar injin ba. Ya buɗe shi yana kallo, sai abin da hannun ya ji ya fara iso masa a hankali. Ya murɗa totur har ƙarshe, inji bai yi shessheƙa ba ko sau ɗaya. Ashe an cire linzami, ba yau ba. A ƙarƙashin rawar tankin kuma akwai wani ɗan bugu, ƙanƙani, a jere, kamar wani yana ƙwanƙwasa ƙofa da ƙusa daga ciki. Ya san wannan bugun. Da kunne ya san shi a dā. Ciwon injin da aka daɗe ana sa shi kuka ne.

Ya juya wurin Talle, wanda ya fi kowa bin maganarsa, wanda har yau linzaminsa yana nan.

"Talle, ka ji wani abu cikin injin nan?"

"Haba Baba. In kai ba ka ji ba, wane ni?"

Maganar nan ta fi komai tsorata shi. Ba wanda ya saurara. Duk sun bar masa.

"Tada mashin."

"Ina za mu?"

"Tada mashin, na ce."

A gidan Lukuman aka ce sun tafi tun ɗazu, da kwalla da tabarma da rabin buhun gero a baya. Wayar hannu ta shigo gari, amma Lukuman bai da ita. Baba Kefas ya hau bayan Talle ya ce, "Hanyar Danko. Ba shi wuta."

Talle ya ce a ransa duniya ta zo ƙarshe, yau Baba A-hankali ne yake cewa a ba shi wuta. Tsoro ya kama shi, ya manta duk abin da aka koya masa. Ya murɗe totur a giya ta uku ya riƙe, mashin ya hau shessheƙa, gudu ya ƙi ƙaruwa. Sai ya ji duka a kafaɗa.

"Ƙara!"

Ya ƙara giya. Mashin ya miƙe. Suka zo kwana, aka dafa masa ƙugu, ya rage. Suka fita, aka sake bugun kafaɗa tun kafin shi ya ji muryar inji ta siririta. Dattijon bai jin komai sai iska. Da cinyoyinsa yake karanta injin, daga rawar kujera. Talle ya rantse daga baya cewa bai taɓa yin gudu irin na ranar ba, kuma bayan shessheƙar farkon nan injin bai sake yin kuka ba har suka isa.

Gonakin dawa suna wucewa. Duk kwanar da suka sha, Baba Kefas yana duban gefen hanya kafin ya dubi gaba. Yana neman tabarma a ƙasa. Yana neman gero a warwatse. Bakinsa yana motsi da yarensu na gida, Talle bai san abin da yake cewa ba, amma ya san roƙo ne.

Kaya ne suka cece su. Nauyi ya hana Lukuman hawa tudun da sauri. Suka hango shi yana kaiwa ƙoli, ƙafarsa ta hagu tana laluben firi. Talle ya danne oda bai saki ba, ya sha gabansa ya gicciye.

Lukuman ya taka birki, ya kafa ƙafa. Fadima ta riƙe cikinta da hannu ɗaya.

"Baba! Lafiya? Wa ya mutu?"

"Sauke ta."

"In sauke ta a daji?"

"Injin ga ba ya sauka gangaren nan."

Lukuman ya yi dariya, amma ransa ya fara ɓaci. "Kai da bakinka ka ce lafiya lau. Gaban mutane."

"Na ce."

"To mi ya canza tsakanin Rikoto da nan? Rana tana yi, Baba, matar ga ta gaji. In faɗan firi ne, ka bari in dawo ka yi mani shi a inuwa."

Lukuman ya kai hannu ga makulli, zai kashe inji ya gangara.

Baba Kefas yana da hanyar tsira. Yana iya cewa ya manta wani noti bai ɗaure ba. Amma sai Lukuman ya ce ɗaure, ya ɗaure, su wuce. Babu ƙaryar da za ta sauke Fadima daga mashin ɗin nan. Abin da zai sauke ta ɗaya ne, kuma in ya faɗe shi a gaban 'yan kabu-kabu biyu, kafin la'asar duk tashoshin Zuru sun ji. Ya dubi gangaren, ya dubi 'yar gadar can ƙasa, da ƙyar ake ganinta.

"Ban ji ba," ya ce.

"Mi?"

"Injinka. Ban ji shi ba. Shekara guda ke nan ban jin inji, ɗana. Kunne ya tafi. Kunya ta sa na yi maka ƙarya."

Talle ya sunkuyar da kai.

Fadima ce ta fara motsi, ta taɓa kafaɗar mijinta. "Malam, riƙe mashin in sauka." Ta sauko a hankali, ta gyara mayafi, ta tsaya a gefen hanya. Ta dubi dattijon, ta ɗaga murya don ya ji. "Sannu, Baba."

Baba Kefas ya kama hannun Lukuman ya ɗora a kan tanki, ya danne da nasa. Ya murɗa totur kaɗan.

"Kada ka saurara. Bar hannunka ya gaya maka."

Lukuman ya tsaya. Sai fuskarsa ta sauya. Ya janye hannu, ya sake mayarwa.

"Tun yaushe abin ga yake ciki?"

"Tun da ka cire linzami kake gina shi."

Talle ne ya sauka da Fadima, a giya ta biyu, inji a kunne, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Dattijo da Lukuman suka juya da mashin, suka turo shi har suka samu motar kaya ta ɗauko su. Da yamma aka buɗe injin a ƙarƙashin dogonyaro, samari sun yi da'ira. Baƙin man da aka tsiyaye yana ƙyalli da garin ƙarfe. Sandar da ke riƙe fistan tana lilo a gindinta, ana iya girgiza ta da yatsa biyu.

Wani ya ce, "Da ya ƙame a gada, ko Baba?"

Sai da aka maimaita masa tambayar. Ya ce, "Wataƙila da ya kai su lafiya. Wataƙila. Ni dai ban iya zama in jira labari ba."

Bayan mako uku Fadima ta haifi 'ya mace a ɗakin uwarta.

Labari ya bazu kamar yadda ya zata. Wasu suka daina zuwa. An ji wani a tasha yana cewa shi ba ya kai mashin ɗinsa wurin kurma. Wasu kuma suka fara zuwa ba don gyara ba. Wata biyu ke nan, duk wanda ya tsaya, Baba Kefas zai kama hannunsa ya ɗora a tanki, ya sa shi ya rufe ido, ya ce ya faɗi abin da ya ji da kunne da abin da ya ji da hannu. In ya ce bai ji komai ba, sai a sake. An roƙe shi ya zauna, an ce ai hannunsa ya isa. Ya ƙi. Ya ce hannu ba ya jin ciwo sai ya yi nisa, kunne ne ke ji da wuri, kuma ba zai sake cewa lafiya lau a kan abin da bai tabbatar ba.

Baba Kefas, kai ne ka ƙi cire linzami lokacin da cirewar ce kasuwa. Kai ne aka yi wa dariya shekara da shekaru kana amsa sunan da aka sa maka don raini. Ka yi kuskure sau ɗaya, babba, ba za a ɓoye ba, don kai ma ba ka ɓoye ba. Ka bi shi a bayan mashin da gwiwar da ke maka ciwo, ka tare shi a kan tudu, ka biya da abin da ya rage maka, sunanka na mai kunne. Da yawa sun fi ka shago. Ba mu san wanda zai iya wannan ba.

Abin da ke hana zuciya kwanciya ke nan. Watan gobe dogonyaron nan zai zama inuwa kawai. Mashina suna ƙaruwa. Masu cire linzami suna nan, minti goma har yanzu. Gangaren yana nan, gadar ba ta ƙara faɗi ba, kuma har gobe akwai masu kashe inji a kan tudun. Wa zai ce musu a'a?

Makanikan Zuru, na Danko, na Mahuta, in saurayi ya zo a cire masa linzami, ku tuna ba shi kaɗai yake hawa ba. In ba ku ji ba, ku ce ba ku ji ba. 'Yan kabu-kabu, kunnen da kuka ara ya koma wurin mai shi. Ku yi aiki da naku. Kada ku jira kuka kafin ku canza giya.

Mun gode, Baba. Mun gode wa Mama Hannah da ta riƙe maka sirri shekara guda tana cikin fargaba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka abin da ya rage na ji, ko don muryar jikokinka.

Lukuman ya mayar da linzaminsa. Duk Asabar yana bin hanyar Danko ya gano 'yarsa. Masu noma a gindin gangaren sun ce suna gane saukowarsa tun daga sama, don mashin ɗinsa ne ke zuwa da inji a kunne, a giya ta biyu, muryar a zaune, ba gurnani ba kuka. Kai ba za ka ji ba, Baba. Mu muna ji.